Ƙwarya Mai Ɗinki

Ranar da na fita takaba, ko lallen da aka sa mini bai gama kamawa ba, wan mijina ya yi sallama a zaure ya ce yana son magana da ni. Yara suna ce masa Baffa, ni ina ce masa Yaya, shi kuwa tun ranar da aka kawo ni gidan nan Amarya yake kirana, har na haifi uku bai sauya ba. Na ja hijabi na fita na zauna a bakin ƙofa.

Ya daɗe yana yi wa ƙaninsa addu'a, ina cewa amin. Sannan ya gyara murya ya ce, "Amarya, mun yi shawara da 'yan'uwa. Babbar za ta koma wurin gwaggonta a Rijiyar Zaki. Namijin ya dawo gidana. Ke ki ɗauki ƙaramar ki koma gidanku har Allah ya kawo wani. Kin ga kowa ya ɗauki abin da zai iya."

Haka ya kasa mini 'ya'ya kashi uku kamar naman watanda, da murya mai laushi, yana jan carbi.

Na ce, "Yaya, babu inda za su."

Ya ɗago ya dube ni. Bai saba jin muryata ta wuce gaisuwa ba. Ni ma, gaskiya, ban san tana da wannan kaurin ba sai ranar.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauki Baffa mugun mutum. Shi ya yi jinyar ƙaninsa, shi ya yi masa wanka, kuma da damina ta zo shi ya fara shiga gonar marayun da garma kafin ya taɓa tasa. Abin da ya faɗa shi ne abin da ake yi a ƙauyenmu da duk ƙauyukan da ke kewaye da Tsanyawa: uba ya mutu, dangi su raba nauyi. Amma na san Rijiyar Zaki. Gwaggo abinci take sayarwa kusa da jami'a, ga ɗalibai ga leburori, kuma yarinyar da aka taɓa kai mata daga nan ta dawo da hannu duk faso, ko sunanta ba ta iya rubutawa. 'Yata kuwa saura kaɗan ta gama firamare. Ban da haka, ƙaramar ba ta barci sai a bayan yayarta, namijin ba ya cin tuwo sai sun haɗa hannu a kwano ɗaya. Sun rasa uba, ban ga dalilin da zai sa su rasa juna ba.

Baffa ya ce, "Da me za ki ciyar da su?"

Na ce, "Allah na nan."

Ya ce, "Allah na nan, Amarya, amma ki leƙa rumbu."

Ba sai na leƙa ba. Jinya ta ci fiye da rabin hatsin da muka girbe, abin da ya rage ba zai kai mu tsakiyar damina ba. Ya tashi ya karkaɗe riga ya ce to, bari ruwa ya sauka mu gani. Ya tabbata yunwa za ta yi masa aikin da baki ya kasa.

A nan sai na yi bayanin ƙwarya.

Muna da Islamiyyar matan aure a zauren liman, bayan la'asar. Matarsa ce ke koyar da mu, tsohuwa ce 'yar ƙarama mai kaifin baki, kowa Malama yake ce mata. Idan ka ja aya ba daidai ba sai ta ce ko tuwo ne a bakinka. Ita ta kafa mana wata al'ada tun ina sabuwar amarya: duk macen da ta auno hatsi za ta yi surfe, kafin ta zuba a turmi ta ɗebi cikin tafi ɗaya ta ajiye gefe. Tafi ɗaya ba ya rage tuwon kowa. Ranar karatu kowacce ta ƙullo nata a ƙarƙashin hijabi, ta juye a wata tsohuwar randa da ke ɗakin Malama. Da kaka wasu magidanta sukan kawo wa liman wani abu daga zakkar hatsinsu, da azumi kuma 'ya'yan garin da ke aiki a birni sukan aiko da buhu. Duk randar nan suke shiga, daga cikinta kuma ake riƙe gidajen da wuta ta kusa daina tashi a murhunsu.

Malama ba ta tara mutane a layi. Ta ce wanda aka ba shi abinci a gaban jama'a an karɓi wani abu a wurinsa da ya fi abincin. Saboda haka hatsin yakan tafi ne a ƙwarya, a rufe da faifai, kamar yadda kowace mace ke aika wa maƙwabciyarta ɗan wani abu. Ƙa'ida biyu ce. Ta farko, ƙwarya ba ta komawa wofi: ko kuka, ko busasshiyar kuɓewa, ko ɗan gishiri, sai ka saka wani abu, don ka zama abokin ciyayya ba mai bara ba. Ta biyu, wadda ta kai ƙwarya ba ta da baki. Ko mijinta ba ta gaya wa.

Ina cikin masu kaiwa, saboda Malama ta ce ni ba ni da kwaɗayin hira. Wata shekara wuta-wuta ta cinye dawar Baffa, gonar ta yi fure ja-ja kamar an yi mata ado, amma babu zangarniyar kirki. Daminar da ta biyo baya, ni na riƙa kai ƙwarya gidansa, ina miƙa wa matarsa, faccalata, a bayan ɗaki lokacin da ya tafi gona. Ita mace ce mai shiru, ta girme ni, ba mu taɓa sa-in-sa ba. Wata rana ƙwaryar ta suɓuce mata ta tsage. Da na koma karɓa sai na tarar ta ɗinke tsagar da basilla da baƙin zare, ɗinki mai kyau, ƙanana-ƙanana. Ta ce mini a hankali ranar ba ta da ko gishirin da za ta saka, a karɓi ɗinkin a madadinsa. Malama ta juya ƙwaryar ta duba ta ce wannan ya fi gishiri. Baffa bai taɓa sanin komai ba, shi dai ya ga tuwo na zuwa ya yi bisimilla.

To, ruwa ya sauka, gero ya kai gwiwa, rumbunmu ya koma sai ƙaiƙayi da ɓeraye. Na sayar da akuyata, na sari ƙuli ina sayarwa, na shiga gona da fartanya har bayana ya daina miƙewa. Duk da haka akwai ranar da na ɗora ruwa a wuta ba tare da na san abin da zan zuba a ciki ba. Ranar ce Malama ta yi sallama da kanta, da ƙwarya a ƙarƙashin hijabi. Tana ajiyewa na ga baƙin zaren.

Kunya ta kama ni, da haushi, ban san haushin wa ba. Na ce, "Malama, akwai waɗanda suka fi ni buƙata."

Ta ce, "Ke nake tambaya? Na marayu ne, haƙƙinsu ne, ke 'yar dafawa ce kawai. Juye ki ba ni ƙwaryata, kuma kin san ƙa'ida, kada ki tsaya kina zuba mini ido kamar baƙuwa."

Na juye ina hawaye. Akwai kuka a bayan gidanmu, mun shanya ganyenta tun bara. Babbar 'yata ta daka, ta tankaɗe, muka zuba a ƙwaryar. Daga ranar duk mako ƙwarya na zuwa da gero tana komawa da kuka, yarana suna ci a kwano ɗaya, babbar tana tafiya makaranta da safe.

Ƙauye dai ƙauye ne. Mata sun riƙe bakinsu, amma maza na da ido, suna ganin hayaƙi na tashi daga gidan da suka san rumbunsa. Wani mai neman lada da baki ya tare Baffa a ƙofar masallaci ya ce Allah ya saka wa matan Islamiyya, su ke riƙe da marayun ƙaninka. Ya faɗa ne a gaban mutane. Baffa ko gida bai biya ba ya zo wurina, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Ya ce, "Ina raye 'ya'yan ƙanena su ci sadaka?"

Na ce, "Kana raye, Yaya, su ci me?"

Ya ce gidansu ba a taɓa miƙa hannu ba tun kakanni. Ya ce na tozarta sunan mamaci, na mai da jininsu abin tausayi a bakin masallaci. Ya ce gara a raba yaran kowa ya ci guminsa a gidan danginsa da a ce sadaka ta raine su. Zai kira Gwaggo, ranar kasuwar Tsanyawa za ta zo ta tafi da babbar, sauran kuma a san yadda za a yi.

Maganar tana kan harshena. Gidan da ba a taɓa miƙa hannu ba! Ni da na san hanyar bayan ɗakinsa da ƙwarya a hannu. Jimla ɗaya ce, in faɗe ta ya zauna. Na cije leɓe har ya fita, sannan na ja hijabi na nufi wurin Malama, ina tafe ina huci.

Ta saurare ni har na gama, tana tsince tsakuwa daga gero. Ta ce, "Idan kika faɗa, kin ci nasara a kansa, kin kuma fasa randar. Babu macen da za ta sake karɓar ƙwarya a garin nan, tunda ta san wata rana za a yi mata gori da ita. Akwai gidaje yanzu haka da ba ki sani ba, da ita suke kwana."

Na ce, "To 'yata fa?"

Ta ce liman zai yi masa magana. Liman ya yi, ya nuna masa cewa abin da aka ware wa maraya ba abin kunya ba ne, nasa ne. Baffa ya saurara da ladabi, ya yi godiya, ya ce amma wannan maganar cikin gida ce. Na kwana biyu ina jin haushin Malama. Tana da sauƙin faɗa, ba 'yarta za a saka a mota ba.

Ranar kasuwa da hantsi Gwaggo ta iso, da biredi a leda da ƙamshin turarenta na birni. Baffa ya shigo har tsakar gida, faccalata na biye da shi, wai ta taya haɗa kaya. Ashe yarinyar ta riga ta haɗa. Ta ji duk abin da ake faɗa a kwanakin nan, ta ninke 'yan tsummokinta a jakar buhu, ta ɗora kayan makaranta a sama. Wannan kayan makarantar da na gani a saman jaka shi ya ƙarasa ni. Na ɗauki jakar na ajiye a ƙofar ɗaki na zauna a kanta.

'Yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Tun da na haife ta "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Ko ciwo take yi sai dai kakarta ta ɗauke ta, ni ina leƙe daga nesa. Idan dangin uba suka ce za su ɗauki ɗan fari, uwar kirki sunkuyar da kai take yi. Shi ya sa Gwaggo ta riƙe haɓa da ta gan ni zaune a kan jaka.

Ta ce, "Amarya, a kan 'yar fari kike wannan? Ina kunyarki?"

Na ce, "Na binne kunyar tare da ubanta, Gwaggo."

Ta ce ita taimako ta zo yi, ba sata ba. Ta ce yarinya za ta ci mai kyau, ta ga birni, ta koyi sana'a. Na tambaye ta wace makaranta za ta sa ta. Ta ce a bari ta saba tukuna. Na ce to ta saba a nan. Baffa ya ce in tashi daga kan jakar tun muna mutunta juna. Na ce sai dai a ɗaga ni da ita a kai mota. Ban motsa ba. Ƙaramar ta riƙe zanen yayarta, namijin ya tsaya a jikin turmi yana kallon ƙasa.

Ana cikin haka aka yi sallama. Maƙwabciyarmu ce, ranar ita ke da kai ƙwarya, ba ta san da baƙi ba. Tana ganin taron ta so ta juya, amma Baffa ya riga ya ga abin da ke ƙarƙashin hijabinta.

Ya ce, "Ga shi nan, har a gabana. Baiwar Allah, mayar musu da abinsu. Ki ce mun gode, gidan nan yana da masu shi."

Na miƙa hannu daga inda nake zaune na karɓi ƙwaryar na ɗora a cinya. Baƙin zaren yana ƙarƙashin yatsana. Na dubi faccalata, idonta na ƙasa, tana murza bakin mayafi. Na san idan na buɗe baki yanzu 'yata ta zauna. Na kuma san abin da zan yi wa matar nan, wadda ta taɓa ba ni ɗinki saboda ba ta da gishiri. Ban taɓa jin shiru ya yi mini nauyi kamar na ranar ba, don a raina na riga na ga motar ta tashi da yarinyar. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ƙwaryar ba za ta koma ba sai na zuba kuka a ciki."

Baffa ya tako zai karɓa. Sai faccalata ta riga shi. Ta ɗauke ƙwaryar daga cinyata, ta juya ta yadda tsagar za ta fuskance shi. Muryarta ba ta tashi ba.

Ta ce, "Malam, ka ga ɗinkin nan? Ni na yi shi. A gidanka ta tsage, shekarar da wuta-wuta ta ci dawa. Tuwon da ka ci daminar da ta biyo baya gaba ɗaya, kai da 'ya'yanka, daga cikinta ya fito. Amarya ce ke kawowa, kuma har yau ba ta faɗa ba."

Kaji ne kawai ke tone-tone a gindin rumbu. Baffa ya dubi ƙwaryar, ya dubi matarsa, ya dube ni. Na zaci zan ji daɗi idan ranar ta zo, amma da na ga yadda kafaɗunsa suka sauka sai tausayinsa ya kama ni, duk da ban tashi daga kan jakar ba. Sannan ya juya ya fita, bai yi sallama ba.

Gwaggo ta ɗan zauna don kada a ce ta gudu. Ta sha ruwa, ta ce mu dai mun fi kusa, ta bar wa yara biredin, ta tafi neman mota tun kasuwa ba ta watse ba.

Abin bai wuce a banza ba. Faccalata ta biya: an daɗe Baffa ba ya cin abincinta, sai ya sayi ɗan wake a bakin hanya, kuma har aka yi girbi gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Malama ta kira ta ta yi mata faɗa a kan ƙa'ida, ta ƙare da cewa to, sirrinki ne, ke kika ga damar kashe shi, Allah ya karɓa. Ni kuma an yi ta yawo da ni a gari, wai matar da ta zauna a kan jaka saboda 'yar fari. Har yau akwai tsofaffin da ke kallona a karkace a gidan biki. Su kalla. Baffa bai taɓa ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba, ban kuma ba shi ba. Maganar raba yara dai ba ta sake fitowa daga bakinsa ba. Mun ci daga ƙwaryar har sabon gero ya shigo, ban ɓoye ba, ban sunkuyar da kai ba, kuma ranar da na fara surfa namu na ɗebi tafi ɗaya na ajiye gefe.

Amma abin da na fi tunawa shi ne bayan kowa ya watse ranar. Na tashi daga kan jakar, ƙafafuna sun yi tsami. Yarinyar tana tsaye inda take tun safe, ƙanwarta na riƙe da zanenta, ba ta san ko an gama ba ko saura. Ga ƙwarya a ƙasa tana jiran a juye ta. Na so in ce "ke", kamar kullum. Sai na ji bakina ya kira sunanta, cikakke, da ƙarfi, yadda har maƙwabta za su ji ta kan katanga.

Ta waiwaya tana neman wanda ya kira ta, don ba ta san sunan da muryata ba.

Na ce, "Ni ce. Fitar da kayan makarantarki kada su yamutse, ki zo ki daka mana kuka."